Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Basir, Gyambon Hanji da Jinin da Ba a Faɗa

A cikin sunayen cututtuka da ke yawo a bakin Hausawa, da wuya a sami wanda ya kai "basir" faɗin riga. Duk wanda ya je tashar mota, ko ya ratsa kasuwar ƙauye ranar cinta, ya ji yadda masu tallar magani ke jero alamominsa ta lasifika: kumburin ciki, ciwon baya, kasala, ƙaiƙayi, tsiro, raunin mazakuta, taurin bayan gida, har da jiri da ganin duhu-duhu. Akwai basir mai tsiro, akwai mai jini, akwai na ciki wanda ba ya fitowa. In aka bi lissafin nan har ƙarshe, babu baligin da zai tsira. Kalmar aro ce daga Larabci, kuma a can ma'anarta a tsuke take: jijiyoyin jini ne na bakin dubura da kan kumbura, su yi tsiro, wani lokaci su fashe. Ta daɗe a ƙasar Hausa, domin cikin rubuce-rubucen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, akwai wanda ya keɓe ga magungunan wannan ciwo. Amma da kalmar ta zauna, sai ta yi ta buɗawa har ta zama rumfar da kusan duk wani ciwo na tsakanin cibiya da gwiwa ke fakewa a ƙarƙashinta.

Faɗin ma'ana ba laifi ba ne a harshe, haka kalmomi suke rayuwa. Sai dai sunan cuta ya bambanta da sauran sunaye ta fuska ɗaya: shi ke gaya wa majinyaci inda zai nufa, da ranar da zai tashi, da yawan tsoron da ya kamata ya ji. Wanda aka ce masa basir ke damunsa ba ya gaggawa, don kowa na da shi, kuma ba a san shi da kisa ba. Labarin wata malamar firamare a wani gari na kudancin Katsina ya nuna abin da kan faru idan wata cuta ta daban, mai iya zubar da jinin mutum cikin dare ɗaya, ta shigo sanye da wannan riga.

Malama, kamar yadda kowa ke kiran ta a unguwa, tana da shekara 29 ciwon ya fara, watanni kaɗan bayan haihuwarta ta biyu. Da fari ɗan jini ne take gani in ta kewaya. Mahaifiyarta, wadda suke kira Inna, ba ta ɗauki abin da zafi ba: wace mace ce ta yi naƙuda sau biyu ba ta san basir ba? Aka dafa mata bagaruwa ta riƙa zama a ciki, aka jiƙa sabara, aka hana ta yaji da maiƙo da zaƙi. Ciwon ya lafa, kowa ya ce magani ya karɓe ta. Bayan wata huɗu ya dawo, wannan karon da gudawa da majina da wata irin murɗa da ke sa ta yi ta yunƙuri, ba abin da ke fita sai jini. Sai suna ya canza, aka ce atini ne. Mijinta ya je kemis ya karɓo Flagyl da ƙwayar tsayar da gudawa. Ya sake lafawa, ya sake dawowa. Haka halin wannan cuta yake, tana tashi tana kwantawa don kanta, kuma duk maganin da aka sha daf da kwanciyarta shi ke karɓar yabo. Cikin shekara uku Malama ta yaba wa magunguna fiye da goma.

A tsakanin nan rayuwarta ta yi ta tsukewa ba tare da kowa ya lura ba. Ta daina karya kumallo kafin ta tafi makaranta, don kada cikin ya motsa tana gaban allo. Ta roƙi a ba ta ajin da ke kusa da ban-ɗaki, ta ce saboda inuwa ne. Ta daina zuwa biki da suna in da tafiyar mota. Da dare takan tashi sau uku, sau huɗu, ta ɗauki buta tana sanɗa don kada ta tashi maigida. Rigunanta suka yi mata yawa. Da gwiwoyinta da idon sawunta suka fara ciwo, aka ce sanyi ne, mai kemis ya ba ta diclofenac, ta riƙa sha safe da yamma. Ba ta san ciwon gaɓoɓin da na hanjin rassa biyu ne na itace guda ba, ba ta kuma san irin waɗannan ƙwayoyi na kashe zafi suna iya tayar da kumburin hanji su ƙara masa zubar jini ba.

Sau ɗaya ta kai kanta ƙaramin asibitin garin. Wanda ta tarar a ɗakin duba marasa lafiya saurayi ne, bai wuce sa'ar ƙaninta ba, kuma ta taɓa koyar da ƙanwarsa.

"Malama, sannu. Me ke damun ki?"

"Ciki ne. Kuma ina ganin jini."

"Ya daɗe?"

"Yana zuwa yana tafiya."

Ya rubuta mata maganin ƙarin jini da na daidaita al'ada. Ta karɓi takardar, ta yi godiya, ta fito. Ta gane sarai bai fahimce ta ba, amma gyara masa na nufin ta faɗi ta inda jinin ke fita, da yadda kamanninsa suke, ga yaron da ya rusuna ya gaishe ta. A bakin mace Bahausa "ina ganin jini" tana da ma'ana guda da kowa ke fara kawowa, kuma ba a iya kauce wa wannan ma'ana sai an ambaci abin da tarbiyya ta hana ambata. Harshen ya tanadi kalmomi masu yawa don kauce wa wurin: kewayawa, zagayawa, bayan gida, ban-ɗaki, kama ruwa, biyan buƙata. Duka suna nuna hanyar zuwa, babu wadda ta shiga ciki. Wannan sakaya zance ado ne a zaure da tsakar gida, kuma alama ce ta kunya, wadda Bahaushe ke lissafawa cikin cikar mutum. A ɗakin likita kuwa, inda komai ya dogara ga siffanta abin da aka gani, sai ta koma katanga. Murray Last, wanda ya daɗe yana nazari a yankin Malumfashi, ya lura a wata maƙala ta 1981 cewa sirri da ƙin bin diddigi na cikin yadda mutane ke zama da ciwo, kuma sunayen cututtuka ba su da tsayayyar ma'ana daga baki zuwa baki. Malama ba ta karanta shi ba, amma shekara uku ta yi a cikin abin da ya siffanta.

Cutar da ke cin ta tana cikin rukunin da za a iya kira kumburin hanji mai naci. Manyan nau'o'insa biyu ne. Na farko, gyambon babban hanji, yana farawa daga dubura ya yi sama a jere, ba ya tsallake wuri, kuma fatar ciki ta hanjin kaɗai yake ci. Likitan Ingila Samuel Wilks ne ya fara ware shi daga atini a 1859. Na biyu shi ne cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer suka bayyana a Amurka a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, tana cin wuri ta tsallake wuri, kuma tana huda bangon hanji har can ciki. Dukansu ba a ɗaukar su daga wani. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kan hanjinsa, a sakamakon haɗuwar gado da yanayin rayuwa da ƙananan halittun da ke zaune a cikin hanjin. Sun fi farawa tsakanin balaga da shekara talatin da 'yan kai, wato lokacin karatu da aure da haihuwa. An daɗe ana ɗaukar su cututtukan Turawa, kuma gaskiya ne a can suka fi yawa. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2017 ya nuna cewa a Arewacin Amurka da ƙasashe da dama na Turai fiye da mutum 3 cikin kowane 1,000 na ɗauke da su. Amma nazarin ya kuma nuna suna ƙaruwa a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Afirka da birane ke bunƙasa a cikinsu. Cutar da likita ya taso yana jin ba ta garinsu ba ce, ita ce ta ƙarshe da za ta zo masa a rai.

Bambancinta da basir ba ya buƙatar na'ura kafin a fara zarginsa. Jinin basir ja ne fes, yakan ɗiga bayan an gama ko ya shafi saman bayan gida, kuma mai shi yana cin tuwonsa yana barcinsa. Jinin gyambon hanji a cakuɗe yake da bayan gida da majina, yana zuwa da gudawar da ba ta jira, yana tashin mutum tsakar dare, yana tafe da rama da zazzaɓi da kasala. A yawancin masu cutar jinin kaɗan-kaɗan yake tsiyaya, ya ƙarar da mutum a hankali. A kaɗan daga cikinsu kuwa wata rana yakan ɓalle. A cutar Crohn hakan na faruwa ne idan gyambo mai zurfi ya ci har ya taɓa jijiya. A gyambon babban hanji kuwa, fatar hanjin ce gaba ɗaya ke salewa ta riƙa tsatsafo da jini, kuma babban hanji ya kai kimanin mita ɗaya da rabi. Babu wuri guda da za a danne.

Na Malama ya ɓalle ne a wani dare na bazara, bayan mako biyu tana kewayawa fiye da sau goma a yini. Wajen ƙarfe biyu ta fita da buta, abin da ya fito jini ne zalla da guda-guda kamar hanta. Ta koma ta kwanta ba ta tashi kowa ba. Ta sake fita, ta sake fita. A karo na huɗu ta miƙe sai duniya ta juya, ta faɗi a bakin ƙofa. Ƙarar butar ce ta tashi mijinta. Ya haska fitila ya ga zanen, ya ga leɓɓanta sun yi fari, gumi mai sanyi na karyo mata.

"Tun yaushe?"

"Malam, kada ka tashi yara."

"Na ce tun yaushe?"

"Shekara uku."

Jinin babban mutum bai wuce kimanin lita 5 ba, na mace ramammiya bai ma kai haka ba. Jiki kan ɓoye asarar farko: zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin hannu da ƙafa su tsuke don a tura abin da ya rage zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai zubar jini ke iya magana da hankalinsa har zuwa gaɓar da ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku, sa'annan awon jininsa ya faɗi gaba ɗaya. Jiri in an miƙe, bugun zuciya da sauri, sanyin tafin hannu, ƙishirwa da ƙarancin fitsari, su ne maganar jiki a wannan tsakani, kuma Hausawa sun ce jiki magayi. Malama kuwa da ma ta shigo daren da bashi. Mace lafiyayya ana son sinadarin himogulobin na jininta ya kai 12 ko fiye. Da aka auna nata a babban asibitin birni, bayan tafiyar awa biyu a motar maƙwabci, bai kai rabin haka ba.

Aka sa mata ruwa ta hannu biyu, aka ce a nemo jini. A nan aka ga amfanin zumunci. Ƙannenta biyu suka bayar, wani abokin aikin mijinta ya bayar, aka yi sanarwa a masallaci bayan asuba wasu samari uku suka biyo mota, ko da yake ɗaya ya juya daga bakin ƙofa saboda an taɓa gaya masa wanda ya ba da jini ba ya ƙara yin ƙarfi. Leda huɗu ta sha a yini biyu na farko.

Likitar da ta karɓe ta mace ce, kuma Bahausa. Ta ja labule, ta sallami maza, ta zauna a gefen gado.

"Malama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan tambaye ki abubuwa, ki ba ni amsa da lissafi. Jiya sau nawa kika fita?"

"Da yawa, Likita."

"Da yawa ba lamba ba ce. Ƙirga mini daga asuba."

Wannan nacin ƙirga yana da tarihi. A 1955 wasu likitoci biyu na Oxford, Sidney Truelove da Leslie Witts, suka tsara ma'aunin da har yau da shi ake gane tashin cutar mai tsanani: fita da jini sau 6 ko fiye a yini, tare da ko da ɗaya daga cikin alamomi huɗu, wato bugun zuciya fiye da 90 a minti, ko zafin jiki fiye da 37.8, ko himogulobin ƙasa da 10.5, ko awon kumburi na jini fiye da 30. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa gado ake ba shi, ba a sallamar sa da ƙwaya. Abin lura shi ne sharaɗin farko, wanda sauran suka rataya a kansa, ba ya buƙatar komai sai majinyaci ya ƙirga ya faɗa. Malama ta cika shi mako biyu kafin daren da ta faɗi, kuma mai yiwuwa ta sha cika shi a shekarun baya.

Su biyun nan ne kuma suka gwada maganin kotizon, na dangin sitiroyid, a kan cutar. Kafin zuwansa kusan mutum ɗaya cikin huɗu na mutuwa a irin wannan tashi. A yau, a manyan cibiyoyin da suka ƙware, abin ya sauko zuwa kusan ɗaya cikin ɗari. Amma likitar da ke aiki a ƙasar Hausa ba ta da damar ɗauko allurar nan take, domin a nan masu kama da wane suna da yawa. Atinin da ƙwayar amiba ke kawowa yana yi wa hanji gyambo iri ɗaya, kuma in aka ba mai shi sitiroyid, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, ƙwayar na iya huda hanjin ta kashe shi. Taifot kan zubar da jinin hanji a mako na uku. Tarin fuka na hanji yana kama da cutar Crohn har a hoton na'ura. Akwai kuma irin tsutsar tsargiya mai zama a jijiyoyin hanji. Saboda haka wanda ya ce atini ne tun farko bai yi wauta ba, ya faɗi abin da ya fi yawa ne. Kuskuren yana wajen tsayawa a kan sunan bayan an sha maganinsa sau uku, sau huɗu, ciwo na dawowa.

Aka gwada bayan gidanta, aka ba ta maganin amiba don kariya, aka zura siririyar na'urar leƙa hanji a hankali, ba a yi nisa ba don gudun hudawa, aka ɗebo ɗan nama don bincike. Abin da aka gani fata ce ja jawur, a sale, tana zubar da jini ko'ina aka taɓa. Aka fara allurar sitiroyid, aka hana diclofenac, aka kuma hana ƙwayar tsayar da gudawa, domin a irin wannan hali tana iya sa hanjin ya saki ya kumbura kamar salka har ya fashe.

Ƙa'idar likitoci ita ce a duba a rana ta uku. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu tashi mai tsanani ba sa jin sitiroyid. Ga waɗannan akwai magungunan ceto guda biyu, ciclosporin da infliximab. Na biyun an amince da shi a Amurka don cutar Crohn a 1998, don gyambon babban hanji kuma a 2005. Yana da tsadar da albashin malamin firamare ba ya ɗauka, ana bukatar a tabbatar babu tarin fuka ko ciwon hanta a ɓoye kafin a ba da shi, kuma ba ya aiki cikin awa ɗaya. Malama kuwa a rana ta uku ta sake zubar da jini, aka ƙara mata leda biyu. Idan jini na fita fiye da yadda ake mayar da shi, magana ta koma hannun likitan tiyata: a cire babban hanjin, a fito da bakin ƙaramin hanji ta wata 'yar ƙofa a gefen dama na ciki, a manna jaka.

Inna ce ta fara ƙi.

"Likita, a yanke wa yarinya hanji saboda basir? Ku ba mu ita, akwai mai magani a garinmu."

"Mama, da basir ne da ni kaina na sallame ku. Wannan wata cuta ce. Hanjin ya zama kamar tsumma, kuma jinin mutum shida muka zuba ya bi ta cikinsa."

"To ta yi sallah da jaka? Ta zauna da miji da jaka?"

Mijin ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Malama ce ta yi magana daga kan gado, da muryar da sai an matso ake ji.

"Inna, ki yi haƙuri. Shekara uku ina jin kunya, ga inda ta kawo ni. Malam, sa musu hannu."

Aka yi aikin a daren. Irin ƙofar da aka yi mata, wadda ake naɗe bakin hanjin waje don kada ya ci fata, likitan Ingila Bryan Brooke ne ya tsara ta a 1952, kuma ita ta mayar da wannan tiyata abin da za a iya rayuwa da shi. A 1978 Alan Parks da John Nicholls suka bayyana a Landan yadda za a ɗinka wata 'yar taska daga ƙaramin hanji a haɗa ta da dubura, a rufe ƙofar ciki. An gaya wa Malama wannan na iya yiwuwa nan gaba, in ƙarfi ya dawo, in kuma an sami hali.

Ta koma aji bayan wata biyar. Tana karya kumallo yanzu, tana barci har asuba, ta yi ƙiba. Wahalhalun sun canza kama ne kawai. Jakunkunan sai an aika birni, kuma kuɗinsu na cin wani yanki na albashi kowane wata. Babban hanji shi ke tsotse ruwa da gishiri, saboda haka wanda ba shi da shi yana saurin bushewa, kuma a zafin bazara ba ta rabuwa da gorar ruwan gishiri da sukari. Batun alwala da azumi mijinta ya kai wa malamin unguwa, aka karanta masa sauƙin da shari'a ta yi wa mai lalurar da ba ta yankewa. Abin da har yau ba ta samu ba shi ne amsar tambayar masu zuwa sannu. In suka ce me ya same ta, Inna kan ce basir ne ya yi mata tsanani, wasu kuma a bayan ido su ce sammu ne. Sunan da ke rubuce a katinta na asibiti na Ingilishi ne, kalmomi biyu da babu wanda zai iya maimaitawa a gidan. Matan da suka zo suka tafi, wataƙila da mai irin ciwon a cikinsu, ba su tafi da wani abin da zai sa su tsorata da nasu jinin ba.

A Japan, lokacin da Firayim Minista Shinzo Abe ya sanar da cewa zai sauka daga mulki a watan Agusta na 2020, ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗi sunan wannan cuta da harshensu, wadda ita ce kuma ta sa shi sauka a 2007. Sunan yana cikin jerin cututtuka masu wuyar magani da gwamnatin ƙasar ke tallafa wa masu su. Amma ba sai an je nesa ba. A nan gida an ga abin da suna ke yi. Lalurar da ke samun mata bayan doguwar naƙuda ta fi wannan abin kunya a idon jama'a, amma da aka tsaya a kan "yoyon fitsari", kalmomi biyu da kowace tsohuwa ke ganewa, aka yi ta faɗar su a rediyo, sai mata suka san abin da ke damun su yana da suna, yana da magani, yana da wurin zuwa, irin asibitin Babbar Ruga a Katsina inda Dakta Kees Waaldijk ya yi ta aiki tun shekarun 1980. Haka kuma da aka ga "ƙanjamau" na tozarta masu ita, aka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki, sunan da ke bayyana yadda cutar ke aiki.

Wannan aiki ne da likita shi kaɗai ba zai iya ba, domin ba a koya masa ƙirƙirar kalma ba. Manazarcin Hausa shi kaɗai ma ba zai iya ba, domin bai san inda cuta ta rabu da cuta ba. Sassan Hausa na jami'o'inmu sun tara nazarce-nazarce masu yawa a kan magungunan gargajiya da sunayen cututtuka, kuma galibinsu suna tattara abin da ake faɗa ne su adana. Saura a tambayi kowane suna abin da yake sa mai shi ya yi: wanne ke cewa tashi yau, wanne ke cewa bari sai an ga hali. Basir na cikin masu cewa a bari, kuma ga yawancin masu shi gaskiya ya faɗa. Ba za a kore shi daga harshe ba, ba a ma buƙatar haka. Abin da ake buƙata shi ne a kafa masa maƙwabci, ko "gyambon babban hanji" ko wani da ya fi shi daɗin faɗa, a kuma sa masa iyaka da kowa zai sani: jinin da ya cakuɗu da gudawa, ya tashi mutum da dare, ya ramar da shi, ya dawo bayan an sha maganin atini, ya fita daga hurumin basir.

Bayan suna akwai tambaya. Da saurayin nan na ƙaramin asibiti yana da jimla guda a shirye, mai ladabi kuma mai kaifi, da ta ishe shi: "Malama, jinin na al'ada ne, ko wajen kewayawa kike ganin sa?" Wannan tambaya ba ta keta kunyar kowa, domin amsarta kalma ɗaya ce, kuma mai tambaya ne ya ɗauke nauyin ambato. Daga nan sai sauran su biyo: sau nawa daga asuba zuwa asuba, a cakuɗe yake ko bayan an gama yake ɗiga, yana tashin ki da dare, kin rame, kina jin jiri in kin miƙe. Tsara irin waɗannan jimloli, da gwada su a bakin mata da maza, a Kano da Sakkwato da Damagaram inda lafazi da sakaya suka bambanta, bincike ne na harshe tsantsa, kuma ya isa kundin digiri. Shekara biyu da rabi ne tsakanin ranar da Malama ta ce tana ganin jini da ranar da aka tambaye ta ta ina.